Eya-firaya: a saya da kuɗin adashi, ko a bar wa masu ita?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema. Ƙarshen watan nan ni ce mai kwasar adashi, kuma raina ya biya da tukunyar suyar nan ta lantarki, eya-firaya. Na zaga shagunan Adum a nan Kumasi na ga iri-iri, akwai ƙanana masu kwando ɗaya, akwai manya masu ƙofa. Mu bakwai ne a gida har da surukata. Likita ya ce wa maigida jininsa ya hau, ya kula da abin da yake ci, shi ya sa ma na fara tunaninta. Masu ita, ku faɗa mini tsakani da Allah: kuna amfani da ita kullum, ko tana can saman kabad an lulluɓe da ƙyalle?

Amaryar Tafo: Wa alaikumus salam. Yaya, saya ki huta. Ni sai bayan magariba nake dawowa daga shago a Kejetia, ƙafafu duk sun yi tsami. Tun da safe nake shafa wa kaza citta da tafarnuwa da yaji in sa a firji. Ina shigowa sai in jefa ta ciki, in kunna, in je in yi wanka in yi isha'i. Kafin in naɗe sallaya ta yi ja. Ba tsayuwa a kan kasko, ba mai yana fallatsa mini a hannu, labulen ɗaki ma ya daina warin suya.

Hajiyar Aboabo: Ku nawa ne a gidan naki, amarya?

Amaryar Tafo: Mu biyu ne, Hajiya.

Hajiyar Aboabo: To kin gani. 'Yata Maman Biyu, ki saurare ni. Ina da ita, 'yata da ke Jamus ce ta aiko mini, ban raina kyauta ba, Allah ya yi mata albarka. Amma ki zauna ki lissafa abin da ake ci a gidanki daga Asabar zuwa Juma'a. Koko da safe. Waakye ko shinkafa da miya da rana. Tuwon zafi da ayoyo, ko banku, ko fufu da dare. Wanne ne a ciki zai shiga wannan tukunya? Ko ɗaya. Abincinmu na tukunya da muciya ne. Naman ma a cikin miya muke cinsa. Tawa jikokina ne ke jawo ta in sun zo hutu, su yi dankalin Turawa su ɓata mini kicin, su tafi.

Ɗan Tek: Hajiya ta taɓo inda abin yake. Sunan ne yake ruɗar mutane, don a gaskiya ba suya take yi ba, gashi take yi. Ku kifa murfin ku duba sama: akwai ƙarfe naɗaɗɗe da ke yin zafi, a bayansa kuma fanka ce da ke hura iskar da ƙarfi ta zagaye abincin ta ƙasan kwando mai huji-huji. Shi ke nan. Ƙaramin obin ne mai fanka. Abin da ya sa ta fi babban obin sauri shi ne cikinta ƙarami ne, nan da nan ya ɗauki zafi. Kamfanin Philips ne ya fara fito da ita a baje kolin kayan lantarki na Berlin a 2010, kuma wani ɗan ƙasar Holan, Fred van der Weij, shi ya ƙirƙiro ta, burinsa ya samu soyayyen dankali ba tare da tsoma shi a mai ba. Don haka abincinsu aka duba aka ƙera ta, ba namu ba. Duk abin da za ki iya gasawa, za ta yi miki shi da kyau. Abin da sai ya yi iyo a mai, ki manta.

Mai Ƙosan Alabar: Alhamdu lillahi, ɗan makaranta ya faɗa da bakinsa. Kwanaki wata yarinyar maƙwabta ta zo ta sayi ɗanyen ƙullu a wurina, wai za ta je ta yi ƙosai mai lafiya a injinta. Na auna mata, na ce Allah ya ba da sa'a. Ba a jima ba sai ga ta da kwandon a hannu, ƙullun ya bi ta hujin ya zube ƙasa, wanda ya tsaya a sama ya bushe ya yi ɓawo, cikinsa ɗanye. Ƙosai fa man ne ke yinsa. Kina saka cokali, mai zafi ya kama shi ta ko'ina lokaci ɗaya, ya rufe bayan, iskar da kika buga a ƙullun ta kumbura a ciki, ya taso sama da kansa. Haka pinkaso, haka bofrot. Masa kuwa tandarta take so. To azumi ya zo, me ake nema a faranti in an kira magariba? Abubuwan nan dai. Injin da ba zai taimake ki a azumi ba, ni ban ga wurinsa a kicin ɗin Zango ba.

Amaryar Tafo: Anti, ai akwai masu zuba ƙullun a ƙananan gwangwanin kek su sa a ciki.

Mai Ƙosan Alabar: Wannan alala ce ta bushe, ƙanwata. Kar ki kira ta ƙosai a gabana.

Kawu Mai Gyaran Wuta: Salamu alaikum. Na ga ana ta maganar ɗanɗano, ba wanda ya tambayi abin da ya kamata a fara tambaya. Maman Biyu, mitarku taku ce ku kaɗai, ko ta gida ce ana raba kuɗi?

Maman Biyu: Ta gida ce, Kawu. Ɗakuna da yawa ne a kan mita ɗaya, da maki ake rabawa. Ƙwan fitila da makinsa, fanka da nata, firji da dutsen guga su ma haka.

Kawu Mai Gyaran Wuta: To nan gizo ke saƙa. Bari in yi miki lissafin a fili. Yawancinsu suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, a rubuce yake a takardar da ke manne a ƙasanta ko a bayanta. Mu ɗauki mai wat 1,500. In ta yi minti 20 tana aiki, rabin yunit ke nan, ko ƙasa da haka kaɗan tunda tana yankewa ta sake kamawa in zafi ya kai. Rabin yunit ba abin tsoro ba ne. Amarya da angonta in sun yi haka kullum, yunit 15 ne a wata. Amma ku bakwai ne. Kwandon ba ya son cikawa, in kika danƙara shi iska ba za ta ratsa ba, na sama ya ƙone na ƙasa ya yi gumi. Dole ki yi zubi uku, awa guda ke nan, yunit ɗaya da rabi. A wata kin doshi yunit 45 a kan suya kawai.

Sannan yadda PURC, hukumar da ke yanke kuɗin wuta, ta tsara farashi, mai shan wuta kaɗan, wanda bai wuce yunit 30 a wata ba, shi ke biyan mafi sauƙi. Gidan haya mai mita ɗaya kuwa tun tuni ya wuce wannan matakin, saboda mita ba ta san ɗaki nawa ne a bayanta ba, jimla take gani. Duk abin da kika ƙara a farashi mai tsada zai faɗa, kuma kowa a gidan zai ji a jikinsa ranar da kiredit ya ƙare kafin lokaci.

Maman Sadiya ta Sawaba: Kawu ya tuna mini abin da ya faru a gidanmu. Wata sabuwar 'yar haya ta shigo da ita a cikin kwali, ba ta gaya wa kowa ba. Kiredit ya riƙa ƙarewa da wuri, aka yi ta zargin mai firiza da ke sayar da sobolo, baiwar Allah har kuka ta yi. Ashe ƙamshi ne zai tona asiri. Kullum ƙamshin gasasshiyar kaza na fitowa daga ɗakin, alhali ba a taɓa ganinta ta hura kurfoti ba, silindar gas ɗinta kuma tana waje a ɗaure da sarƙa. Ranar da aka zauna a tsakar gida sai rigima ta koma kan maki nawa za a sa mata. Wani ya ce kamar dutsen guga, wani ya ce ai guga sau ɗaya ake yi a mako. Har yau ba sa gaisawa da mai sobolo.

Hajiyar Aboabo: Ga kuma ɗauke wuta. Mu da muka ga dumsor, yawan ɗauke wutar nan na 2015, ba za mu jingina cikinmu da soket ba. An sa kifi, ya yi rabi, wuta ta tafi, sai ki koma neman gawayi da kifi rabin ɗanye a hannu.

Amaryar Tafo: Hajiya, ai ba wanda ya ce a jefar da gas da kurfoti. Firji ma wuta yake sha, ba mu fasa saye ba.

Hajiyar Aboabo: Firji in an ɗauke wuta yana riƙe sanyinsa, 'yar nan. Taki fa me take riƙewa?

Nas ta Asawase: Ina kan aikin dare ne, sai yanzu na samu karanta duka. Maman Biyu, bari in koma kan dalilin da kika fara kawowa, don kar ki kashe kuɗi kina zaton kin sayi magani. Rage mai abu ne mai kyau, ba musu. Babban cokali ɗaya na mai ya kai kalori 120, kuma doya ko filanten in an tsoma su a kasko suna shan mai ba kaɗan ba. A firaya cokali ɗaya ya ishi kwando guda. Ga mai son rage ƙiba wannan riba ce, kuma rage ƙiba na taimaka wa hawan jini. Amma babban abokin gabar mai hawan jini a kicin ɗinmu gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan har da wanda ke ɓoye a dunƙulen miya, da kifin gishiri irin koobi da momoni, da shito, da kifin gwangwani. Na sha ganin mutum ya gasa kaza ba mai, yana alfahari, alhali dunƙule uku ya murje a kanta. Kuma mu duba miyarmu: man da ke kwance a saman miyar tumatir da manjan da ke cikin kontomire sun fi na suyar da ake yi jefi-jefi yawa. Wannan ba inji ne zai rage shi ba, hannunki ne. Maganin da likita ya rubuta masa kuma ya ci gaba da sha, kar ya ce an sayi tukunya.

Mai Ƙosan Alabar: Nas, Allah ya biya ki. Kullum mu masu kasko ake ɗora wa laifi.

Nas ta Asawase: Anti, ban wanke ku duka ba fa. Man da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi yana kumfa, ya lalace, bai kamata a ci ba.

Mai Ƙosan Alabar: Ni ina tacewa, in ya canza kala in zubar. Amma ki tuna 2022, lokacin da kuɗin galan na mai ya yi tashin gwauron zabo. Wa ya iya zubar da mai a shekarar nan? Har masu kuɗi tacewa suke yi.

Ɗan Tek: Shekarar ce hauhawar farashi a Ghana ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba. Yaƙin Rasha da Yukren ya tare man sunfulawa, Indonesiya kuma ta dakatar da fitar da manja na ɗan lokaci, sidi ma ta faɗi. Kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu firaya ke da ita: abin da kika ƙara a wuta, wani ɓangare yana dawowa ta man da ba ki saya ba. Gidan da ake soya kifi da kaza kusan kullum za su ga bambanci a galan ɗinsu. Gidan da suya sai ranar Juma'a, ba za su ga komai ba.

Maman Sadiya ta Sawaba: Ni abin da nake ji ana yaɗawa shi ne wai tana kawo kansa. Akwai wani saƙon murya da ya zaga kwanaki.

Nas ta Asawase: Ba wani haske ko tururi mai cutarwa da take fitarwa, iska ce mai zafi. Abin da aka gutsuro aka ƙara wa gishiri shi ne wani sinadari, akrilamaid, wanda masu bincike a Suwidin suka gano a abinci a 2002. Yana fitowa in an soya ko an gasa abu mai sitaci, irin dankali da burodi, a wuta mai ƙarfi har ya yi duhu. A kasko ma yana fitowa, a obin ma haka. Ki tsaya in ya yi ruwan zuma, kar ki bari ya ƙone, ko da me kike suyar. Ɗaya abin shi ne baƙin shafen cikin kwandon, wanda ke hana abinci kamawa. Zafin firaya yawanci a digiri 200 yake tsayawa, bai kai inda shafen ke lalacewa ba. Mu ne ke kashe shi da soson ƙarfe da cokali mai yatsu. In ya fara ɓarewa yana bin abinci, a canza kwando.

Boga daga Bronx: Ina gaida iyaye da yayye. Ni a nan kusan kowane gida akwai ta. Maman Biyu, in kina so ki riƙe kuɗinki, ina haɗa ganga zuwa gida, sai in saka miki ɗaya.

Kawu Mai Gyaran Wuta: Boga, Allah ya saka da alheri, amma kar ka saka. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Ana jona ta za ta yi ƙara ɗaya, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Taransfomar da za ta ɗauki wat 1,500 kuwa ƙatuwa ce mai nauyi, kuɗinta ma ya isa a ƙara a sayi sabuwa a nan. Irin waɗannan ana kawo mini su shago, da na juya na ga 120 a rubuce sai in ce a mayar gida a zuba albasa a ciki. Ta Ingila ko ta Jamus ba matsala, wutarmu ɗaya, sai dai ta Jamus a canza mata kai zuwa mai ƙafa uku. Masu sayen na hannu a bakin titi, ku duba wannan lambar kafin ku duba kala.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. A soket na bango ake jona ta, ita kaɗai. Kan fulogi mai fis na amfiya 13 iyakarsa wajen wat 3,000. Ki haɗa ta da butar lantarki mai wat 2,000 a kan ekstenshan ɗaya, kin wuce. Waɗannan ekstenshan masu arha kuma wayar cikinsu siririya ce, tana ɗumi tana narkewa a hankali a bayan kabad ba wanda ya gani. A bar mata fili ta baya inda take fitar da iska, kar a manna ta da bango ko labule. Tsofaffin gidajenmu na Zango da wayarsu ta girme ni, a kira mai gyara ya duba tukuna.

Hajiyar Aboabo: Ku gaya mini, ranar babbar sallah fa? Sa guda a ƙasa, ko rago biyu. Mu kafa manyan kasko a tsakar gida, nama ya soyu a cikin kitsensa har ya bushe, a zuba a kwano mai murfi ya yi makonni ana ci da gari da yaji. Ki ce za ki yi wannan da kwandon da bai wuce cin mutum biyu ba, ai ɗebe ruwan rijiya da cokali ne.

Amaryar Tafo: Wannan kam na sallama, Hajiya. Amma bayan sallah da kwana biyu, in naman ya yi sanyi kitse ya daskare a jikinsa, minti biyar a ciki zai dawo kamar yanzu aka kwashe. Ɗumame ma kaɗai ya isa dalili. Tsitsingar da maigida ya shigo da ita ta huce, ragowar soyayyiyar doya, har pinkason Anti na jiya.

Mai Ƙosan Alabar: Wato sai na soya tukuna injinki ya samu aikin yi.

Maman Biyu: Kun sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki. Na gode ƙwarai. Yadda na fahimta, matsalata ba tukunyar ba ce, mita ce da yawan baki. Zan sa maigida ya yi wa mai gidan hayar maganar raba mita, in ya yarda sai in duba babbar. In bai yarda ba, silinda ta biyu zan saya, tamu tana yawan ƙarewa ana tsakiyar tuƙa tuwo. Nas, maganar dunƙule ta shige ni, yau da rabi zan yi miya in ga ko surukata za ta gane.

Nas ta Asawase: Za ta gane. Ki ƙara daddawa da citta da albasa, kuma a hankali ake ragewa, harshe yana sabawa.

Maman Sadiya ta Sawaba: Amarya, kafin a watse. Ƙanwata tana da ita amma doyarta kullum tauri take yi, sai an sha ruwa ake haɗiyewa. Me take yi ba daidai ba?

Amaryar Tafo: Ɗanya take sakawa, shi ya sa. Iskar tana busar da ita kafin cikin ya nuna. Ta samu doyar puna mai kyau, ta yanka dogo-dogo, ta tafasa da ɗan gishiri kamar minti biyar, kar ta bari ta yi laushi har ta fara karyewa. Ta tsane ta sosai, ta zuba mai cokali ɗaya ta juya da hannu har kowane yanki ya samu. Digiri 200, wajen minti 15 zuwa 20, a tsakiya ta zaro kwandon ta girgiza. Kuma a ci da zafi, in ta huce ta fi ta kasko saurin tauri. Tilapiya kuma a tsattsaga jikinta, a shafa mai a kwandon don kar fatar ta kama, a juya sau ɗaya kawai. Wagashi ma yana yi, a shafa masa mai ta ko'ina.

Maman Sadiya ta Sawaba: Kelewele fa?

Amaryar Tafo: Yana yi, amma ba zai kai na mai tebur da fitila a bakin titi ba, kar ta sa rai. Filanten ɗin kar ya nuna ya yi luguf, don zaƙinsa ke sa shi ƙonewa da mannewa. Ta rage wuta zuwa 180, ta matse ruwan citta da barkonon kafin ta cakuɗa, kuma kar ta tara su a kan juna. In ta gama ta jiƙa kwandon da ruwan ɗumi da sabulu nan take, in ya kwana sai an yi da gaske kafin ya fita.